Auren Mangwaro a Ajiwa

Shekara ashirin da bakwai ina ƙirga kuɗin mutane
a bankin nan na kusa da Ƙofar Ƙaura.
Yatsana ya san dubu ta gaske da ta jabu
tun kafin ido ya duba.
Sanyin na'ura ya zauna mini a gwiwa,
har yau in hadari ya haɗo sai ta tuna mini.

Saura shekara huɗu a yi mini walimar sallama,
a ba ni agogon bango da ambulan mai kauri,
sai na rubuta musu layi uku.
Manaja ya karanta, ya cire tabarau, ya sake karantawa,
ya ce, "Halliru, wani bankin ne ya kira ka?"
Na ce a'a, ƙasa ce.
Ya ɗauka zaɓe zan tsaya.

A gida Indo ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi.
Takardar kuɗin makarantar Sada ta ɗauko
ta ajiye kusa da kwanon tuwona.
Yayana ya zo bayan magariba da karin magana a baki:
sakin reshe, kama ganye.
Na ce, Yaya, ganyen nake so,
tun ina bin Baba Mati da gwangwanin ruwa
a lambunsa na bayan ganuwa,
wanda yanzu gidan mai ne.

Na sayar da motar. Na kama hayar fili a Ajiwa,
taku ɗari daga bakin ruwa,
da baƙar leda dubu biyu, da reza,
da injin ban-ruwa na hannu mai tari irin na mashayin taba.

Gara ta ci rabin dashen ta ƙasa,
akuyar maƙwabci ta ci rabin ragowar ta sama,
wanda ya tsira na aurar da shi ba daidai ba,
na ɗaure reshe tamau kamar bandir ɗin kuɗi.
Nalado, ɗan shekara sha shida, ya karɓe rezar,
ya ce, "Baba, sassauta. Shina numfashi."
Ni da ake miƙe wa in na shigo ofis,
na tsuguna ina kallon hannunsa.

Ƙarshen wata ya zo, waya ba ta yi ƙara ba,
ƙarar nan da na saba da ita kamar carar zakara.
Na yi lissafi cikin duhu, lissafi ai sana'ata ce,
ya ƙi fita ta kowace hanya.
Ashe Indo idonta biyu.
Ta ce, "Kwanta. Na sai da awarwaro biyu."
Har yau ban biya ba.

Kai mai tambaya, ba zan yi maka ƙarya ba:
abin da nake samu bai kama ƙafar na da ba.
Shaddata ta koɗe.
Masu ce mini ranka ya daɗe
sun koma "Malam Halliru, ya lambu?"
da wani murmushi da na san fassararsa.

Amma Talatar da ta wuce, da hantsi,
na kwance ledar reshen da na ɗaura da hannuna,
na tarar ya kama.
Ganye biyu, jajaye, da laushin kunnen jariri.
Na kifa bokiti na zauna, na daɗe.

Wata tsohuwa daga Batagarawa ta sayi shida,
ta ce yaushe za su yi 'ya'ya?
Na ce shekara uku, ko huɗu.
Ta ce, "Ni da kai, wa ya san mai sha?"
Muka yi dariya. Na yi mata gyaran ɗaya.

Da yamma na ƙirga ciniki, dubu tara.
Yatsan nan dai bai manta ba,
sai dai yanzu yana barin ƙasa a jikin kowace takarda.
Na kai wa Indo. Ta kaɗe, ta ƙulle a bakin zane,
ta ce, "Gobe ka zo mini da guda,
a dasa can kusa da rariya,
inda ruwan wanke-wanke ke tafiya a banza."